Kafin Kaset Akwai Littafi: Ina Karatun Dare Ya Tafi a Gidajen Matsinkai?

IDAN an idar da sallar isha'i a Matsinkai, garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, can wajen iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, gida ya kan ɗauki wani sabon salo. An sauke tukunya, an ci tuwo, an wanke kwanuka, yara sun fara gyangyaɗi a kan tabarma. A nan ne uwargida ke samun ɗan lokacin da za a ce nata ne ita kaɗai. A yau, kamar yadda ya ke a sauran garuruwan Arewa, wannan lokaci ya zama na waya. An tura finafinai a memori tun da rana, an kai caji, sai a jingina wayar da filo a zagaye ta. Wannan na cewa a maido baya ba ta ji abin da jarumar ta faɗa ba, waccan na cewa a bari a ga ƙarshe kafin caji ya ƙare.

Babu laifi a kallo. Sai dai masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin waya akwai sidi, kafin sidi akwai kaset, kafin kaset kuwa akwai wani ɗan siririn abu mai bango kala-kala da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla: littafin hikaya. Shi ne ya raya hirar dare a ɗakunan mata na tsawon shekaru, kuma shi ne ya haifi wannan industiri da ake tinƙaho da ita a yau. Tambayar ita ce, me gida ya rasa tun da aka ajiye shi, kuma ta yaya za a dawo da shi ba tare da an kashe kallo ba?

UWA DA 'YAR TA

Duk wanda ya san tarihin harkar fim ya san cewa littafi uwa ce, fim 'ya. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka samu 'Ruwan Bagaja' na Abubakar Imam, da 'Ganɗoki' na Bello Kagara, da 'Shaihu Umar' na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da 'Idon Matambayi' na Muhammadu Gwarzo. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, a 1976, marigayi Adamu Halilu ya ɗauki 'Shaihu Umar' ya maida shi fim na silima. Haka kuma 'Kulɓa Na Ɓarna' na Umaru Ɗanjuma Katsina (Kasagi) ya fito a takarda kafin a gan shi a majigi.

Da zamanin bidiyo ya zo, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki 'Turmin Danya' a Kano a 1990, marubuta ne su ka shigo da ƙarfin su su ka ɗaga harkar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya maida shahararren littafin sa 'In Da So Da Ƙauna' fim a 1994. Bala Anas Babinlata ya yi haka da 'Tsuntsu Mai Wayo'. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa ya shigo da nasa labaran. An ɗauki 'Ki Yarda Da Ni' na Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masoyan ta ke kira Anti Bilki, an yi fim da shi. 'Alhaki Kuykuyo Ne' na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya zama fim a 1998.

Me ya sa waɗannan finafinai su ka samu karɓuwa nan da nan? Amsar ba ta da wuya. Mutane sun riga sun san labarin. Yarinyar da ta yi kuka a kan Sumayya da Muhammad a cikin littafi, ita ce ta matsa wa yayan ta ya je shagon haya ya karɓo kaset ɗin don ta ga ko fuskar da ta zana a zuci ta yi daidai da ta allo. Ashe tun kafin furodusa ya kashe ko sisi a kan talla, littafi ya riga ya gama yi masa.

Daga baya, lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' su ka buɗe kasuwar rawa da waƙa a wajejen 1999 zuwa 2000, sai akalar ta juya. Waƙa ta zama ita ce jarin fim, labari ya koma baya, wasu kuma su ka koma wankiyar finafinan Indiya. Ƙorafin da 'yan kallo su ka daɗe su na yi, wato “labarin duk iri ɗaya ne”, ya samo asali ne daga nan. Har gobe kuma in aka duba shirye-shirye masu dogon zango da su ka kama zukatan jama'a, irin su 'Daɗin Kowa' na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, za a tarar akwai hannun marubutan littafi a ciki, irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih. Labari mai nauyi daga hannun wanda ya yi karatu ya ke fitowa.

MAKARANTAR DA BA TA DA ƘARARRAWA

Amma babban abin da ke kan faifai ba fim ba ne, gida ne. A ƙauyuka da ƙananan garuruwan Arewa, ba a Kebbi kaɗai ba, yarinya da yawa kan bar makaranta daga firamare ko tsakiyar sakandare ta shiga ɗakin miji. Karatu kuwa kamar wuƙa ya ke, in ba a wasa shi sai ya dakushe. Matar da ta fita daga aji shida ta na haɗa baƙi da ƙyar, in ta shekara biyar ba ta buɗe takarda ba, sai ka ga ko rubutun jikin kwalbar maganin ɗan ta ya gagare ta. Wadda kuwa ta kamu da son littafin hikaya, ba malami ba bulala, sai ta wayi gari ta na karanta shafi hamsin a zama ɗaya. Daɗin labari ne ya ja ta, amma ribar da ta samu ta wuce labari: ta iya karanta katin asibiti, ta iya rubuta lissafin adashi, ta iya duba littafin makarantar 'ya'yan ta ta gane ko an yi aikin gida ko ba a yi ba.

Ba zancen baka ba ne, tarihin marubutan kan su shaida ne. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976, da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, su ne su ka samar da dubban sababbin makaranta waɗanda ke neman abin karantawa da harshen su. Ado Gidan Dabino kan sa ta ajin manya ya bi ya samu boko, ga shi a 2014 an ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Mohammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun ta na ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilimi da kan ta. Littafin ta 'Wa Zai Auri Jahila?' labarin irin wannan yarinya ce, Abu, wadda aka raba da aji aka aurar, ta ƙi yarda rayuwar ta ta tsaya a nan. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar 'Alhaki Kuykuyo Ne' da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Duba ikon Allah: mun saba Indiya ta aiko da fim, sai ga labarin Rabi da 'ya'yan ta ya tafi can a takarda.

Kafin su ma akwai Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin ta 'So Aljannar Duniya' a 1980. Ita ce ta share wa marubuta mata hanya.

Kuma in ana zancen mace da karatu a cikin gida, mutanen ƙasar Gwandu, wadda Bagudo ke cikin ta, ba baƙi ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya bar littattafai masu yawa, cikin su har da tafsirin 'Diya'ut Ta'awili'. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurin ta su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajen su. Wato tun a ƙarni na 19 an gane cewa in mace ba za ta iya zuwa wurin karatu ba, to karatu ya je wurin ta.

TAFIYA MAI NISA DAGA KANO

Samun littafi a yankin Bagudo bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Cibiyar bugawa da dillanci ta na Kano, musamman kasuwar Sabon Gari, shi ya sa ma ake kiran waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano. Kafin littafi ya ratso ta Sakkwato ko Jega, ya biyo Koko, ya iso bakin kogin Kwara, ya sha hannu. Ga kuma al'adar marubutan ta raba labari kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu. Sau da yawa na ɗaya zai iso, na biyu ya maƙale a hanya. Duk wadda ta yi zamanin nan ta san zafin a kai ƙarshen shafi a tarar da marubuciya ta ce a tara a littafi na gaba.

Wannan ƙarancin ne ya haifar da zumunci na musamman. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa guda. Ƙanwa ta aiko, “Yaya, don Allah in kin gama a ba ni na biyun.” Amarya ta zo da nata a cikin kayan ɗaki, kishiya ta ara, har a samu abin hira maimakon abin faɗa. Bango ya yage a ɗinke da zare da allura, shafin ƙarshe ya ɓace a nemi wadda ta karanta ta ba da ƙarashen da baki. Masu hayar kaset da dama su kan haɗa da hayar littafi. Waɗanda ba su iya karatu ba kuwa, ko dai a karanta masu a tsakar gida, ko su kama rediyo su saurari shirye-shiryen karanta littattafai irin 'Rai Dangin Goro' na Ahmad Isa Koko.

Zaman iyaka ya ƙara wa abin armashi. Yankin nan mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, kuma Hausa ce harshen ciniki. Ta Tsamiya ana tsallakawa Segbana, ta wajen Lolo da Illo ana fuskantar Malanbil, naira da sefa na gogayya a aljihu ɗaya. A ɗaya ɓangaren da Faransanci ake koyarwa a makaranta, amma da ya ke baƙaƙen boko kusan ɗaya ne, wanda ya yi lakwal a Benin kuma ya na jin Hausa, ba ya daɗewa ya ke kama karatun littafin Kano. Auratayya da fatauci sun sa kaset da littafi sun riƙa bin kayan biki da buhunan albasa su na ƙetare iyaka. Ko lokacin da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abin da aka tare shinkafa ce da sauran kaya. Labari kam ya riga ya koma cikin waya, ba ya neman izinin kwastan.

ZARGI DA GASKIYA

Ba za a yi adalci ba in ba a faɗi ɗaya ɓangaren ba. Iyaye da malamai da dama sun daɗe su na kallon littattafan soyayya a matsayin masu ɓata tarbiyya, su na cewa su na koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye da burin auren mai mota. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano. A wannan shekarar ce kuma aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, rikicin da ya biyo baya kuwa bai tsaya kan 'yan fim ba, ya shafi marubuta.

Gaskiyar magana, akwai baragurbi. Amma an yi jam'u, an haɗa mai kyau da maras kyau an yi masu kuɗin goro. Littattafan da su ka yi magana a kan auren dole, da sakin wulaƙanci, da zaman kishi, da haƙƙin marayu, ba su su ka ƙirƙiro waɗannan matsaloli ba. A gida su ka same su. Abin mamaki kuma, tun da kasuwar littafin takarda ta faɗi, rubutu ya koma waya, inda kowa ke iya sakin abin da ya ga dama a WhatsApp ko Wattpad ba edita ba mai dubawa, sai abin da ake gudu ya fi yawa. Littafin takarda ko ba komai uwa na iya ɗaga filo ta gan shi, ta duba sunan marubuci, ta karanta shafi biyu. Na cikin waya fa? An kori kare, kura ta shigo.

Duk da haka waya ba abokiyar gaba ba ce. Ita ce ta kawo ƙarshen jiran na biyu daga Kano. Akwai marubuta na ƙwarai da ke sayar da aikin su ta nan, kuma tun daga 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarin ta 'Sansani'. Abin da ake buƙata shi ne zaɓe.

YADDA ZA A DAWO DA SHI

Matar da ke tashi tun asuba, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga raino, ga surfe ko gyaran shinkafa in kaka ta yi, za ta ce ina ta ga lokacin karatu? Amsar ita ce lokacin ya na nan, kallo ne ya cinye shi duka. Kashi ɗaya na shiri mai dogon zango ya kan kai awa guda. In aka ware minti ashirin kacal kafin a kunna, za a karanta shafi goma. Shafi goma kullum, shafi 300 ke nan a wata. Ba a ce a bar 'Labarina' ko 'Izzar So' ba, cewa aka yi a raba dare biyu.

Na biyu, a dawo da karatu a bayyane. Ɗaya ta karanta, saura su saurara, ana tsinkar zogale ko ana kitso. Wannan ya fi kallo wani abu guda: ana iya tsayawa a yi gardama. Inna ta ce yarinyar nan ba ta kyauta ba, jika ta ce ai uban ne ya fara. A nan tarbiyya ke shiga ba tare da an ɗaga murya ba. In an ba yaro ɗan firamare ya karanta wa kakar sa 'Magana Jari Ce', an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: shi ya gyara karatun sa, ita ta samu abokin hira.

Na uku, adashen littafi. Mata biyar ko goma su haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, a ba wani amintaccen direba ko ɗan kasuwa mai zuwa Birnin Kebbi, Sakkwato ko Kano ya sayo. A ajiye a gida ɗaya cikin akwati, a sami littafin rubuta sunan wadda ta ɗauka da ranar da za ta maido. Kuma a kula, a sayo labari da cikon sa gaba ɗaya.

Na huɗu ya na wuyan maigida. Namijin da ke dawowa daga kasuwa da tsire ko atamfa, me zai hana wata rana ya haɗa da littafi? In ya na tsoron abin da ke ciki, ya fara karantawa. Da yawan mazan da ke cewa littafin hikaya na mata ne, da 'Iliya Ɗan Maiƙarfi' da 'Ruwan Bagaja' su ka koyi karatu. Kuma ba soyayya kaɗai ake rubutawa ba: akwai na tarihi, na jarumta, na barkwanci, na addini, na girke-girke.

Na biyar, ga masu karatu a waya: a biya marubuci haƙƙin sa. Tura littafin sayarwa kyauta daga waya zuwa waya daidai ya ke da satar fasahar da ta durƙusar da kasuwar sidi a Ƙofar Wambai. Marubucin da bai ci guminsa ba, gobe ba zai rubuta ba.

SAURAN LABARIN

Akwai wata riba ta ƙarshe wadda ta shafi yankin kai tsaye. Kusan duk littattafan nan da finafinan da Kananci aka yi su, a kan rayuwar Kano da Kaduna. Mutumin yamma da ke cewa “shina”, da “mi”, da “ɗiya”, ba kasafai ya ke jin bakin sa a fim ba, sai in an so a yi barkwanci. Alhali ƙasar Kabi cike ta ke da labari: Kanta da birnin Surame, wanda Adamu Halilu ya taɓa yi wa fim a ƙarshen shekarun 1970, masunta da jiragen kwale-kwale a kogin Kwara, manoman shinkafar da ambaliyar 2020 ta cinye wa gonaki, amaryar da aka kai Benin ta na kuka da Hausa ana lallashin ta da Dandanci. Wa zai rubuta waɗannan? Ba furodusan da ke zaune a Zoo Road ba ne. Sai wanda ya sha ruwan wurin.

Marubuci kuwa ba ya faɗowa daga sama. Daga cikin makaranta ya ke fitowa. Yarinyar da za ta rubuta labarin Matsinkai, wanda wata rana wani darakta zai zo neman izinin ɗauka, wataƙila yanzu haka ta na zaune a kan tabarma kusa da uwar ta, ta na leƙen waya. Abin da ya rage shi ne wani a gidan ya miƙa mata littafi.